Ƙyashin Gadarif da namu na nan, jini ɗaya ne?

Ɗan_Rahad:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni ga masana ƙwari da ma'aikatan lafiya. Ni haifaffen gabashin Sudan ne, jihar Gadarif. Kakanninmu daga ƙasar Hausa suka taso a kan hanyar Makka, suka yada zango a bakin kogin Rahad, zama ya kama su. A wurinmu babu gidan da bai san kala-azar ba. Ƙanena ya yi ta yana ɗan shekara bakwai: zazzaɓi mako da makonni, ciki ya yi tulu saboda kumburin saifa, hannaye kamar sillen kara. Kwana 17 ana yi masa allura biyu kullum kafin Allah ya tashi kafaɗarsa. Likita ya ce wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne mai cizon dare yake kawo ta.

Yaƙi ya koro mu, yanzu ina Kano. Sai na ji an ce a nan ma akwai irin ƙwaron, amma gyambon fata kawai yake haddasawa. To shin shi ne dai namu na can? In shi ne, me ya sa yake kashe yara a can, a nan kuma ya tsaya a fata? In kuma ba shi ba ne, me ya raba su, tunda a ido duk ɗaya suke?

Uwar_Biyu:
Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa ƙanenka lafiya, ya kawo muku zaman lafiya a Sudan. Ni ko sunan cutar ban taɓa ji ba sai yau.

Ɗalibin_Ƙwari:
Malam Ɗan_Rahad, sannu da wannan tambaya. A kan ƙudan yashi nake aikin digirina na biyu, don haka bari in fara. Amsa a taƙaice: ba ɗaya ba ne. Akwai jinsinsu kusan 1,000 a duniya, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da 90 ne aka sani suna yaɗa ƙwayar Leishmania. Naku na Gadarif sunansa Phlebotomus orientalis, yana ɗaukar Leishmania donovani, wadda ke shiga saifa da hanta da ɓargo. Wanda aka fi sani a yankinmu, daga Senegal zuwa Mali da Nijar da arewacin Najeriya, shi ne Phlebotomus duboscqi, yana ɗaukar Leishmania major, ita kuwa a fata take tsayawa. Ke nan ƙwaron daban, ƙwayar cutar ma daban.

Tsohon_Malami:
Yaro, kafin ka yi nisa. "Ƙudan yashi" ba Hausa ba ce, fassara ce aka ɗauko daga bakin Turawa. Mu ƙyashi muka taso muka ji ana faɗa. Shi ɗan ƙaramin nan da ba ya kuka kamar sauro, sai dai ka ji zafi kamar an ɗosana maka tsinken wuta.

Ɗalibin_Ƙwari:
Na karɓi gyara, Baba. Ƙyashi zan riƙa cewa. Sai dai a lura, mutanenmu kan kira ƙananan ƙwari masu cizo iri-iri da wannan sunan, har da waɗanda ba dangin juna ba ne. Wanda muke magana a kansa tsawonsa milimita 2 zuwa 3 ne, jikinsa gashi-gashi, launin ƙasa-ƙasa, in ya sauka yakan ɗaga fukafukansa sama a buɗe, ba ya kwantar da su. Tafiyarsa tsalle-tsalle ce a jikin bango. Mace ce kaɗai ke shan jini, don ƙwanta ya nuna.

Ɗan_Rahad:
Na gode. To amma ko a Gadarif ɗin, akwai ƙauyen da cutar ke yi wa ɓarna, na kusa da shi kuma da sauƙi. Shin shi orientalis ɗin ma kashi-kashi ne?

Malama_Lab:
Yauwa, yanzu ka zo inda gizo ke saƙa. Wannan ita ce ainihin tambayar da masu binciken ƙwayoyin gado ke yi. Bari in kwatanta da abin da muka sani. Ka ɗauki garuruwa biyu. In suna auratayya, bayan zamani mai tsawo za ka tarar jininsu ya gauraye, kamanni ɗaya. In kuwa wani dutse ko kogi ya raba su, kowa na aure a cikin gida, a hankali kowanne gari zai fito da nasa kamannin. Haka ƙwari suke. Abin da ake aunawa shi ne, tsakanin ƙyashin wannan wuri da na wancan, jini na gudana ko ya yanke?

Shi kuma ƙyashi rago ne wajen tashi. Yawanci bai wuce 'yan ɗaruruwan mitoci daga inda aka ƙyanƙyashe shi. Ba ya kuma yin ƙwai a ruwa kamar sauro, sai a ƙasa mai danshi da ruɓaɓɓen ganye ko kashin dabbobi, cikin ramin ɓera, tsagar ƙasa, gindin bishiya. Saboda haka hankali zai ba ka cewa kowane kwari da nasa dangin. Abin mamaki, ba kullum DNA, wato ƙwayar gado, ke tabbatar da hakan ba.

Misali a kan naku. A Habasha an kamo orientalis daga wurare biyu masu nisa da juna: Addis Zemen, kan tudu a arewa maso yamma, inda ake fama da kala-azar, da Melka Werer a kwarin Awash, inda ba a san ta da ita ba. Masu bincike na Jami'ar Charles da ke Prag suka yi kiwon su a ɗakin gwaji, suka fitar da sakamako a 2013. Sun ga bambanci a yadda kowanne ke girma da hayayyafa, amma a sassan DNA da suka duba ba su ga abin da ya raba su ba. Da aka shayar da su jini mai Leishmania donovani, dukkansu suka ɗauke ta sosai. Wato rashin cutar a Melka Werer ba don ƙyashin can ya gaza ba ne.

Abu_Fatima_Maradi:
To ke nan binciken bai amfana komai ba, Malama. An kashe kuɗi an dawo inda aka fara.

Malama_Lab:
A'a Malam, ya amfana ƙwarai. Ya nuna cewa duk ranar da masu ɗauke da cutar suka sauka a irin wannan wuri da yawa, ƙwaron da zai yaɗa ta yana nan yana jira. Ka tuna dubban 'yan ƙwadago ke zirga-zirga kowace shekara zuwa gonakin riɗi da dawa na Humera da Metema a Habasha, da na Gadarif, su koma garuruwansu. Sanin cewa ƙwaron gida zai iya karɓar abin da suka ɗauko ba ƙaramin sani ba ne.

Ɗan_Rahad:
Wannan gaskiya ne. Lokacin yankan riɗi garinmu cika yake da baƙi, a gona suke kwana, ƙarƙashin bishiya. Mu a can mun san inda abin yake: baƙar ƙasar nan mai laka da ke dardarewa da rani har ƙafar yaro ta shige cikin tsagar, da dajin ɗalha da hijlij. Hijlij ita ce aduwa. Daga watan uku zuwa farkon damina, in magariba ta yi kuma iska ta kwanta, ba ka iya zama a waje ba riga. Bayan wata uku ko huɗu sai ka ga an fara kai yara asibiti.

Firki_Ngala:
Tsaya, tsaya. Baƙar ƙasa mai tsagewa da aduwa? Ai ka kwatanta garinmu ne. Ita ce muke kira firki a gabashin Borno, inda ake shuka masakwa bayan ruwa ya janye. Wallahi jikina ya yi sanyi da na karanta.

Ɗalibin_Ƙwari:
Yaya Firki_Ngala, hankalinka ya kai inda ya kamata. Kama da wane ba ta wane, irin ƙasa kaɗai ba ta kawo cuta, sai an haɗa ƙwaro da ƙwayar cuta da wanda ke ɗauke da ita. Amma an taɓa samun masu kala-azar a Kusiri da ke arewacin Kamaru, kuma ana samun ta a Chadi. Ni a ganina yankin tafkin Chadi wuri ne da ya cancanci a kafa tarko a riƙa dubawa, musamman yanzu da mutane ke ta ƙaura.

Nas_Mokolo:
Daga Kamaru nake, ina aikin jinya. A yankin Mokolo ta fata muka sani tun da daɗewa. Na ga wata yarinya da gyambo a kumatu, bakinsa ya tashi kamar bakin tukunya, tsakiya ya lotsa, ba ya ciwo sosai amma ya ƙi warkewa wata bakwai. An shafa toka, an shafa man shanu, an sha ƙwayoyi iri-iri daga kemis. Ya warke daga baya, amma tabon yana nan, kuma yarinya ce mace, kun san abin da nake nufi. Don haka masu cewa "fata ce kawai" su daina. Ba ta kisa, amma tana taɓa rayuwa.

Uwar_Biyu:
Allah sarki. Gaskiya ne 'yar'uwa, tabon fuska ga 'ya mace ba wasa ba ne.

Damagaram_Ba:
Don tarihi: rahoton farko na wannan gyambo a Afirka ta Yamma daga Nijar ya fito, a 1911, wani likitan Faransa mai suna Stevenel ya rubuta shi daga yankin Zinder. Ke nan ba baƙuwa ba ce. A Wagadugu kuma ta ɓarke daga 1996, har mutane suka laƙaba mata sunan sabuwar unguwar Ouaga 2000, don a gefen garin da ake sabbin gine-gine aka fi ganin ta. Gari ya ci daji, mutum ya je ya gina ɗaki a kan ramin ɓera.

Sarkin_Yaƙi_77:
Ni fa na karanta cewa a Sudan ɗin Hausawa ba sa kamuwa kamar sauran ƙabilu. Jininmu ne mai ƙarfi. Ba ƙwaron ba ne, mutanen ne.

Ɗan_Rahad:
Malam, da jininmu na hana ta da ban ga ƙanena a kwance ba. Na kuma raka gawar yara Hausawa ba ɗaya ba, ba biyu ba.

Malama_Lab:
Akwai tushen abin da Sarkin_Yaƙi ya ji, amma an ja shi ya wuce inda ya tsaya. Daga 1994 zuwa 1996 likitocin Sudan sun bibiyi ƙauyuka biyu a gabashin ƙasar: Um-Salala na ƙabilar Masalit, da Mushrau Koka na Hausawa. Cutar ta fi yawa nesa ba kusa ba a Um-Salala. Sai dai mutanen Mushrau Koka yawancinsu a nan aka haife su, su kuwa na Um-Salala zuwa suka yi daga yamma. Daɗewa a wuri, abinci, irin gida, nisan ƙauye da daji, duk suna da hannu. Tamowa musamman tana buɗe wa kala-azar ƙofa. Gadon jinin mutum na da nasa rabon, ana bincikensa, amma kada wani ya kwana a gona ba kariya yana taƙama da ƙabila. Cuta ce da in ba a yi magani ba take kashe sama da kashi 95 cikin ɗari na waɗanda ta kwantar. A yammacin Upper Nile, Sudan ta Kudu a yau, an ƙiyasta ta kashe mutum kusan 100,000 tsakanin 1984 da 1994, lokacin yaƙi.

Sarkin_Yaƙi_77:
Na janye. Ɗan_Rahad ka yafe ni, ban yi nufin taɓa maka ciwo ba.

Ɗan_Rahad:
Ba komai ɗan'uwa, Allah ya yafe mana baki ɗaya.

Ɗalibin_Ƙwari:
In dawo da mu kan ƙwaron. Malama ta kawo misalin inda aka zaci bambanci ba a samu ba. Ga kishiyarsa, kuma shi ne labarin da ya sa na ƙaunaci fannin nan. A Barazil mai yaɗa cutar saifa, wato kala-azar, shi ne Lutzomyia longipalpis, an ba shi suna tun 1912. Shekaru da yawa ana ɗaukarsa jinsi guda. A 1969 wani masani, Mangabeira, ya lura cewa wasu mazan suna da ɗigon fari guda biyu a kowane gefen ciki, wasu guda ɗaya. Aka ci gaba da tono. Sai aka gano namijin yana fitar da wani ƙamshi don kiran mace, kuma ƙamshin ba iri ɗaya ba ne daga yanki zuwa yanki. Bayan haka aka saka na'urar ɗaukar sauti, aka ji namijin yana kaɗa fukafukai lokacin barbara, yana yin wani sauti, kuma shi ma salon kiɗan ya bambanta: wasu a yanke-yanke, wasu a dunƙule.

A garin Sobral da ke jihar Ceará, iri biyu suna zaune wuri ɗaya, akurkin kaji ɗaya ma za ka kama su, amma kowanne da ƙamshinsa da kiɗansa, kuma DNA ta nuna ba sa cakuɗuwa sai ɗan abin da ba a rasa ba. Babu dutse tsakaninsu, babu kogi. Zaɓin mace ne ya raba su. Yau ana ɗaukar longipalpis a matsayin tarin jinsuna 'yan uwan juna da ke sanye da riga ɗaya.

Abu_Fatima_Maradi:
Ikon Allah. Amma ina tambaya irin ta ɗazu: mai gyambo ko mai kumburin saifa, ina ruwansa da kiɗan ƙwaro?

Ɗalibin_Ƙwari:
Da ruwansa ƙwarai, Malam. An haɗa irin wannan ƙamshin a ɗakin gwaji, aka rataya shi a gidaje a jihar São Paulo kusa da inda aka fesa magani, don ya ja matan ƙyashi su zo su mutu. A can karnuka ne ma'ajiyar cutar, kuma gwajin ya nuna raguwar kamuwar karnukan. To ka ga, in ka kai ƙamshin wani iri yankin da wani irin daban yake, tarkonka ba zai yi kamun da kake so ba. Sai ka san wa kake farauta kafin ka zaɓi abin da za ka saka a tarko.

Likitan_Dabbobi:
Ƙarin bayani kan wannan: yawun ƙyashi ma yana da tasiri. In ya ciji mutum yana zuba yawu mai buɗe jijiyoyin jini, na longipalpis ana kiran sinadarin maxadilan, kuma yawansa da siffarsa sun bambanta tsakanin ƙwarin ƙasashe. A Kosta Rika ƙwayar da ke kawo cutar saifa a Barazil takan tsaya a fata ne a matsayin ƙuraje marasa fashewa, har wasu masana suka danganta hakan da bambancin yawun. Ba kowa ya yarda da su ba, ana ta ja-in-ja. Na kawo shi ne don tambayar Ɗan_Rahad ta farko, me ya sa nan fata can ciki, ba tambayar banza ba ce, manyan masana sun yi ta.

Tsohon_Malami:
Wannan zance ya tuna mini da Garki, ta jihar Jigawa a yanzu, lokacin tana cikin jihar Kano. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya sun yi babban aiki a can kan zazzaɓin cizon sauro. Ina saurayi lokacin, ina koyarwa a wani ƙauye ba nisa, na ga masu feshi da tankunansu a baya suna bi ɗaki-ɗaki. An yi feshi iya feshi, zazzaɓi ya ragu, amma bai yanke ba. Daga cikin dalilai, ashe sauron da muke gani ɗaya ba ɗaya ba ne, wani yana hutawa a bangon ɗaki ya taka magani ya mutu, wani ya ciji mutum ya fice waje. Wani Ba'italiye, Mario Coluzzi, ya yi aiki sosai wajen rarrabe su, har a 2013 aka sa wa wani jinsin sauro sunansa. Don haka masu cewa wannan ilimin na 'yan boko ne kawai, a ƙasarmu aka ga amfaninsa da ido.

Malama_Lab:
Allah ya ƙara girma, Baba. Misalin ya zauna daram. Kuma haka yake ga ƙyashi. A Indiya da Nepal da Bangaladash mai yaɗa kala-azar shi ne Phlebotomus argentipes, yana son ɗaki da garken shanu, don haka feshin bango yana kama shi. Feshin DDT da aka yi don sauro a shekarun 1950 da 1960 ya kusa shafe cutar a Indiya, da aka daina ta dawo a shekarun 1970. Daga baya ƙwaron jihar Bihar ya daina jin DDT, aka kuma gano canjin da ya faru a ƙwayar gadonsa, wanda ke sa maganin ya kasa kama jijiyarsa. Wajen 2015 Indiya ta sauya magani. A nan ne sanin gudanar jini tsakanin garuruwa ke da amfani kai tsaye: in ƙwarin yankuna suna cakuɗuwa, taurin kan zai bazu da sauri, in a rarrabe suke za a iya tare shi a inda ya ɓullo. A 2023 Bangaladash ta zama ƙasa ta farko da aka tabbatar ta kawar da kala-azar a matsayin barazana ga lafiyar al'umma.

Shi kuwa orientalis na su Ɗan_Rahad ɗan waje ne, a tsakar gida da gona da daji ya fi cizo. Ka fesa bangon ɗaki ka gaji, yana cikin tsagar ƙasa. A Kenya da kudancin Habasha kuma wani ne daban, Phlebotomus martini, mazauninsa suri. Cuta ɗaya, ƙwari uku, dabara uku. Yanzu dai nauyin cutar ya koma gabashin Afirka, fiye da kashi 70 cikin ɗari na masu ita a duniya a 2022.

Uwar_Biyu:
Ni dai tambayata ta uwa ce: gidan sauro yana hana shi?

Nas_Mokolo:
Hajiya, ya fi babu nesa ba kusa ba, amma ya zama mai magani. Ƙyashi ya fi sauro ƙanƙanta, yana iya ratsa ramukan gidan sauro na gama-gari. Maganin da ke jiki ne ke korarsa ko ya kashe shi. Matsalar ita ce lokacin da ya fi yawa lokacin zafi ne, mutane na kwana a waje, kuma yakan fara cizo tun ana hira kafin a shiga. A sa wa yara riga mai dogon hannu da yamma, a ɗaga shimfiɗa daga ƙasa, a toshe tsagar bango, a nisanta turken dabbobi da wurin kwana.

Zango_Kumasi:
Gaisuwa daga Gana. Mu ma an yi ɓarkewar gyambon nan a yankin Ho, jihar Volta, tun daga 1999. Abin da ya ɗaure wa masana kai shi ne da suka kafa tarko, kusan duk ƙyashin da suka kama na dangin Sergentomyia ne, waɗanda aka fi sani da shan jinin ƙadangaru. Ita ƙwayar cutar ma ta fito sabuwa, sai a 2023 aka raɗa mata suna Leishmania chancei, kuma ana zargin wasu ƙananan ƙwari na daban, Culicoides, su ne ke yaɗa ta. Na tuna da maganar Ɗalibin_Ƙwari cewa suna ɗaya muke kiran su duka. Ashe su ma masu ilimin abin na rikita su.

Firki_Ngala:
Ɗalibi, yaya ake kama abin da bai kai ƙwayar gero ba, har a ciro masa DNA? Ina so in fahimta.

Ɗalibin_Ƙwari:
Hanya biyu muka fi bi. Akwai tarko mai ɗan fitila da fanka da batir, a rataya shi kafin magariba kusa da ƙasa, haske ya ja su, fanka ta tura su cikin jaka. Akwai kuma ta talaka: farar takarda a shafe ta da man zurma, a soke ta a tsinke a bakin ramin ɓera ko gindin suri, da asuba a zo a tsince su da ɗan burushi mai laushi, a zuba cikin kwalbar sinadarin adanawa. Sai ka riga rana da tururuwa, in ba haka ba ka tarar da fukafukai kawai.

A ɗakin gwaji ake yanke kai da ƙarshen ciki a ɗora a gilashi a duba a madubin ƙara girma, don a cikin maƙogwaro da al'aura alamomin da ke raba wani iri da wani suke. Sauran jikin, ƙirji da ƙafafu, shi ake niƙawa a ciro DNA. Matan duboscqi da na ɗan'uwansa papatasi suna kama da juna ƙwarai, gwani ma yakan yi kuskure, a nan DNA ke raba gardama. Akwai wani yanki na DNA da ake kira COI, mai tsawon harafi 658, shi aka fi karantawa don gane irin ƙwaron.

Malama_Lab:
Amma ka faɗa musu iyakarsa, ƙanena. COI ta wajen uwa kaɗai ake gadonsa. Kamar ka ce za ka rubuta tarihin gari ta bin dangin uwa zalla, ka bar na uba. Za ka samu gaskiya, amma rabi. Shi papatasi, daga Maroko har Indiya ake samunsa, kuma da aka duba irin wannan DNA ta uwa an ga bambanci kaɗan ne duk da wannan nisa. Da aka koma ga wasu alamomi masu saurin canzawa da ake gada ta ɓangare biyu, sai rabe-rabe suka fara bayyana. Wannan ya sa ko sakamakon Habasha da na kawo ɗazu nake riƙe shi da hannu biyu amma ban rufe ƙofa ba. A 2023 aka wallafa cikakken jerin ƙwayoyin gadon papatasi da longipalpis, kuma da irin wannan ne ake ganin abin da ƙaramin yanki ke ɓoyewa.

Abin da ke ci mini rai shi ne samfurin yankinmu ya yi kaɗan a rumbunan bayanan duniya in aka kwatanta da na Barazil ko ƙasashen bakin Bahar Rum. An yi aiki a Keana ta jihar Nasarawa, an ba da rahoton masu gyambon a Sakkwato, amma ɗalibi zai kama ƙwari ya rasa kuɗin karanta DNA ɗinsu. Na taɓa ajiye samfuri na wata shida, wuta ta ɗauke kwana huɗu, injin bai samu mai ba, duk suka lalace. Na zauna a ƙofar ɗakin na yi kuka.

Likitan_Dabbobi:
Sannu Malama. Wanda bai yi aikin ba ba zai san zafin ba.

Abu_Fatima_Maradi:
Na ji bayananku kuma na ƙaru, amma har yanzu ina nan kan ra'ayina a wani ɓangare. In kuɗi kaɗan ne, a fara sayen magani da kayan gwajin jini a kai ƙauye. Yaron da saifarsa ta kumbura yau ba zai jira a gama karanta jinin ƙwaro ba.

Nas_Mokolo:
A nan ina tare da kai, Malam. Sau da yawa ma ba a gane cutar, ana ta ba yaro maganin zazzaɓin sauro har ya ƙare. Duk zazzaɓin da ya wuce mako biyu, ga rama, ga kumburin ciki ta hagu, kuma maganin maleriya bai yi ba, a tambayi inda mutum ya yi tafiya.

Ɗalibin_Ƙwari:
Ban musa ba. Amma magani kaɗai kamar kwarfar ruwa ne daga jirgin da ke yoyo. Wani ya kwarfa, wani ya nemo inda ramin yake.

Ɗan_Rahad:
Jama'a na gode, na samu fiye da abin da na nema. Abin da na fahimta, namu daban naku daban, amma ko a cikin namun akwai sauran magana. Wani abu ya tsaya mini a rai. Tun da yaƙi ya tashi a watan huɗu na 2023, mutane masu ɗimbin yawa daga Khartum da Jazira suka kwarara Gadarif, waɗanda jikinsu bai taɓa haɗuwa da cutar ba, suna kwana a fili. Wasunmu kuma mun bazu Chadi da Nijar da Najeriya. Ƙanena bayan ya warke wasu ƙuraje sun fito masa a fuska, likita ya ce ragowar cutar ce a fata, kuma ƙyashi na iya ɗauka daga nan. Sun baje daga baya. To in mai irin waɗannan ƙuraje ya zo nan, duboscqi ɗinku zai iya ɗauka ya ba wani?

Malama_Lab:
Tambaya mai nauyi. Abin da gwaje-gwaje suka nuna shi ne papatasi da duboscqi masu zaɓe ne, cikinsu Leishmania major yake riƙewa, donovani ba ta iya zama a ciki har ta kai ga yaɗuwa, takan fita tare da ragowar jinin da ƙwaron ya narkar. Ta wannan gefen hankali zai ɗan kwanta. Sai dai akwai wasu jinsunan da ba sa zaɓe, kusan kowace Leishmania suka sha sai ta zauna. Don haka abin dubawa ba duboscqi ba ne, su wane ne sauran maƙwabtansa da ke cikin tarkon.

Firki_Ngala:
Ɗalibi, in Allah ya kai mu watan uku zan je gida. In man zurma da farar takarda ne, wannan ba zai gagare ni ba. Ka turo mini bayani ta akwatin sirri: tsayin tsinken, ƙarfe nawa zan kafa, da abin da zan zuba su a ciki. Akwai wata aduwa a bayan gonar babana, ƙasar gindinta duk ta dare, daga nan zan fara.

Ɗalibin_Ƙwari:
Na turo, Yaya. Ka rubuta kwanan wata da sunan wurin a kan kowace kwalba da fensir, ba biro ba, sinadarin yana wanke tawada. Kuma kada ka haɗa na gindin aduwa da na cikin gida a kwalba ɗaya.